Ya isa ɗaukar tuta a waje, bai isa kwana a otal a gida ba

A gidan kallon bal na unguwarmu akwai wani dattijo da ba ya fashin wasa, kuma duk ranar da 'yan wasa suka durƙusa da gwiwa ɗaya kafin a busa usur, ko wani cikinsu ya ɗaga riga ya nuna wani rubutu, sai ya buga tsaki ya ce, “Yaro, buga ƙwallonka. Wasa daban, siyasa daban.” Ina ganin girmansa, shi ya sa ban taɓa tanka masa a bainar jama'a ba. Amma ban yarda da maganarsa ba, kuma abin da ya hana ni yarda shi ne abin da ya faru da ɗaliban jami'o'in Amurka a shekaru ashirin da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Wasan jami'a a Amurka ba irin wanda muka sani ba ne. Jami'a guda tana iya mallakar filin da ke ɗaukar mutum dubu hamsin ko fiye, gari ya watse ranar Asabar kowa ya tafi kallo, gwamna ma ya nemi kujerar gaba. A wancan zamani kuma ba a barin wanda ya mayar da wasa sana'a ya shiga gasar Olamfik, don haka yawancin waɗanda Amurka ke turawa ɗalibai ne, ko waɗanda ba su daɗe da barin aji ba. Da Tarayyar Sobiyet ta shigo Olamfik karon farko a Helsinki a 1952, ana tsakiyar yaƙin Koriya, waɗannan yaran aka ɗora wa nauyin nuna wa duniya wane tsari ya fi. Bakwai daga cikin 'yan ƙwallon kwandon da suka doke Sobiyet 36 da 25 a wasan ƙarshe daga Jami'ar Kansas suka fito. Ko masauki ba a haɗa ba. 'Yan wasan ƙasashen gurguzu an ware musu nasu wuri a Otaniemi, a ɗakunan kwanan ɗalibai da aka gama ginawa. Wato kafin a harba bindigar tseren farko an riga an shata iyaka a tsakanin 'yan wasa.

A wannan gasa akwai tsere ɗaya da nake so a duba da kyau, na miƙa sanda, mutum huɗu kowa mita 400. Jamaika ce ta ci, da tazarar da ba ta wuce ƙiftawar ido ba: minti 3 da daƙiƙa 3.9, Amurka kuma minti 3 da daƙiƙa 4.0. Wanda ya fara gudu da sandar Amurka sunansa Ollie Matson, wanda ya ƙarasa da ita Mal Whitfield. Dukansu baƙaƙen fata ne.

Whitfield ɗalibin Jami'ar Jihar Ohio ne kuma sojan sama. Ya ci zinare a mita 800 a Landan a 1948. Da yaƙi ya ɓarke a Koriya ranar 25 ga Yunin 1950, a kan layin nan na 38 da manyan ƙasashe suka raba ƙasar da shi, sai aka tura shi can. Aikinsa zama a wutsiyar jirgin yaƙi da bindiga, kuma sau 27 ya tashi kai farmaki. Idan jirgi ya sauka lafiya, a kan titin saukar jiragen yake atisayen gudu. Ya dawo ya sake cin zinare a Helsinki, da lokaci ɗaya sak da na Landan, 1:49.2. Mutumin da ya ba ƙasarsa ƙafafunsa ya kuma ba ta ransa ke nan, alhali a jihohin kudancin ƙasar doka ba ta yarda ya zauna a gaban bas ba.

Labarin Matson ya fi ci mini rai. Watanni kaɗan kafin Helsinki, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar San Francisco, wannan ƙwallon da ake runguma a ruga da ita, ta buga wasa tara a kakar 1951 ta cinye duka. Bisa al'ada irin wannan ƙungiya ake gayyata manyan wasannin sabuwar shekara, waɗanda yawancinsu a kudu ake yi, kuma da kuɗin da ake samu a nan ƙaramar jami'a ke rufe giɓinta. Gayyata ba ta zo ba. Masu shirya wasan Orange Bowl sun ce abokan karawar ƙungiyar ne ba su da ƙarfi. 'Yan wasan kuwa har tsufansu abu ɗaya suke faɗa: an aiko musu cewa za a gayyace su in sun bar baƙaƙen fatarsu biyu a gida, Matson da Burl Toler, su kuma suka ce a kai kasuwa. Bayan wannan kaka jami'ar ta rufe ƙungiyar saboda rashin kuɗi. Yara ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, sun san abin da za su rasa, suka kuma zaɓi rasa shi. A bazarar da ta biyo baya aka sa wa Matson riga mai sunan ƙasa a ƙirji, ya kawo mata tagulla a mita 400 da azurfa a miƙa sanda. Toler kuwa, a 1965 ya zama baƙar fata na farko da ya yi alƙalanci a babbar gasar ƙwararru ta NFL.

A kakar 1951 ɗin dai, ranar 20 ga Oktoba, Jami'ar Drake ta je Stillwater a jihar Oklahoma. Tauraronta Johnny Bright ne, baƙar fata, wanda ya fi kowa a ƙasar ciyar da ƙwallo gaba. Akwai hotuna shida da aka ɗauka a jere, kuma duk wanda ya gan su ba ya buƙatar bayani. Bright ya riga ya miƙa ƙwallo ga abokinsa, ya tsaya yana kallon inda wasa ya nufa, hannuwansa a sake. Wani ɗan wasan Oklahoma A&M mai suna Wilbanks Smith ya bar inda ƙwallo take, ya nufo shi, ya ɗaga hannu ya sauke masa a fuska. A lokacin hular wasan ba ta da ƙarfen kare fuska. Muƙamuƙinsa ya karye. Ya tashi a haka ya jefa ƙwallon da ta ba ƙungiyarsa ci, kafin wani bugun ya fitar da shi daga fili. Masu hoton jaridar Des Moines Register biyu, John Robinson da Don Ultang, sun ci kyautar Pulitzer da waɗannan hotuna. Ba a hukunta Smith ba. Drake ta fice daga rukunin gasar don fushi, jami'ar su Smith kuwa sai a 2005 ta nemi gafara, shekara 22 bayan rasuwar Bright. Ƙungiyar ƙwararru ta Philadelphia Eagles ta zaɓe shi a zagayen farko na ɗaukar sababbin 'yan wasa a 1952, ya ƙi zuwa, ya tsallaka iyaka zuwa Kanada. A can ya yi suna a wasa, a can ya zama shugaban makaranta a Edmonton, a can aka binne shi.

Gwamnatin Amurka ta san ɓarnar da irin wannan ke yi mata a waje. A Disambar 1952, cikin takardar da Ma'aikatar Shari'a ta miƙa wa Kotun Ƙoli a kan shari'ar raba makarantun baƙi da farare, an saka bayanin Sakataren Harkokin Waje Dean Acheson cewa wariyar launin fata tana zubar wa ƙasar mutunci kuma tana ba abokan gabarta abin faɗa. Gidan rediyon Mosko bai rasa labari ba. Ƙasashen Asiya da Afirka da ke shirin karɓar 'yanci suna saurare. To, maimakon a gaggauta gyara gida, sai aka gaggauta gyara hoto. Aka shiga tura baƙaƙen 'yan wasa yawon duniya a matsayin jakadun fatan alheri. Bill Russell da abokansa na San Francisco, waɗanda suka ci kofin ƙwallon kwando na jami'o'i a 1955 da 1956, an zagaya da su ƙasashen Latin Amurka. Wannan ƙungiya ce, a Disambar 1954, otal-otal na birnin Oklahoma suka ƙi ba baƙaƙen cikinta ɗaki, sai dukansu, baƙi da farare, suka kwashe jakunkunansu suka kwana a ɗakin ɗalibai da aka tafi hutu aka bari. Whitfield shi ma daga baya ya shafe shekaru masu yawa a Afirka yana koyar da guje-guje a ƙarƙashin hukumar yaɗa labarai ta Amurka, kuma ba na shakkar ya yi aikin da zuciya ɗaya, ya kuma amfani matasa da dama. Laifin ba nasa ba ne. Ƙasar ce ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha ta.

Kada wani ya ɗauka ina wanke ɗaya ɓangaren. Juyin Hungary na 1956 da jerin gwanon ɗalibai ya fara a Budapest ranar 23 ga Oktoba, ranar 4 ga Nuwamba kuma tankokin Sobiyet suka murƙushe shi. Wata guda bayan nan ƙasashen biyu suka haɗu a ƙwallon ruwa a Melbourne, Hungary ta ci 4 da nema, aka fito da Ervin Zádor daga ruwa jini na zuba a gefen idonsa. Shi da 'yan wasan Hungary da dama ba su koma gida ba. Hatta gasar ɗalibai ta duniya sai da ta dare biyu: gabas na yin tata ƙarƙashin ƙungiyar ɗalibai mai hedikwata a Prague, yamma ta kafa tata ƙungiyar mai suna FISU a 1949 tana yin tata. Da ƙyar aka haɗa su, aka yi gasar Turin a 1959, kuma don a rage fitina aka daina kaɗa taken ƙasa wa wanda ya ci lamba, sai wata tsohuwar waƙar ɗalibai. Duk da haka a 1967 Sobiyet da yawancin ƙawayenta suka ƙaurace wa gasar Tokyo, a kan sunan da za a kira Koriya ta Arewa da shi. Ɗalibi ya yi shekara biyu yana tashi da asuba yana atisaye, a ƙarshe gardamar suna ta hana shi hawa jirgi.

Gardamar suna ta taɓa wani ɗalibin a Rum a 1960. C.K. Yang ɗan Taiwan ne, yana karatu a jami'ar UCLA ta Amurka tare da Ba'amurke Rafer Johnson, kocinsu ɗaya, Ducky Drake, filin atisayensu ɗaya. Shekara biyu kafin nan Sin ta yi ta ruwan wuta a kan tsibirin Kinmen da ke hannun Taiwan, ana fargabar yaƙi. A Rum aka tilasta wa tawagar Yang ta yi maci da sunan Formosa, suka fito ɗauke da ƙyalle mai nuna ba da son ransu ba ne. Johnson kuma shi ya riƙe tutar Amurka, baƙar fata na farko da aka ba wannan aiki. Kwana biyu suna fafatawa a gasar wasanni goma, har ta zo kan tseren ƙarshe na mita 1500 da dare. Yang ya fi gudu mai nisa, kuma in ya ba Johnson tazarar kamar daƙiƙa goma zinare nasa ne. Johnson ya manne masa a baya ya ƙi saki. Maki 8,392 da 8,334 aka tashi. Da suka tsallake layi, Johnson ya jingina kansa a kafaɗar Yang, su biyun ba mai iya tsayuwa shi kaɗai. Kowace gwamnati ta samu abin bugawa a jaridarta washegari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na san abin da mai hankali zai tambaye ni. Zai ce, to ai mu ma mun yi. A 1976 Najeriya da ƙasashen Afirka fiye da ashirin sun janye daga Olamfik ta Montreal, saboda an ƙi korar New Zealand wadda 'yan zari-rugarta suka je wasa Afirka ta Kudu jim kaɗan bayan kisan ɗaliban Soweto. Abraham Ordia, ɗan Najeriya, shi ke shugabantar majalisar ƙoli ta wasannin Afirka a lokacin. Shin wannan ma cin zalin 'yan wasa ne? Amsata ita ce manufar daidai ce, kuma ina alfahari da ita. Mayar da gwamnatin wariya saniyar ware a fagen wasa ya yi mata ciwo ƙwarai. Amma 'yan wasanmu sun riga sun isa Kanada, sun sauke kaya, aka ce su tattara su dawo, wasunsu kuma ba su sake samun wata damar ba har ƙarfinsu ya ƙare. Da an zaunar da su an tambaye su, ina kyautata zaton da yawa za su ce a tafi gida. Rashin tambayar shi ne abin da ban yafe ba.

Wataƙila abin ya tsaya mini a rai ne saboda na ɗan ɗanɗana irinsa, ko da yake nawa bai kai ya kawo ba. Ina aji huɗu a sakandare aka sa ni a tseren mita 400 na gasar gidaje. Wata biyu muna atisaye bayan sallar asuba, ƙafa ba takalmi, a filin da ƙaya ta fi ciyawa yawa. Ranar gasa aka jera mu tun hantsi muna jiran babban baƙo, wani mai neman kujera. An zuba farar ƙasa an ja layuka, an kafa rumfa an jera kujeru da lemo, mu kuma muna rana. Wani yaro ɗan aji ɗaya da ke gabana ya yanke jiki ya faɗi, aka ɗauke shi aka yayyafa masa ruwa a bayan rumfa don kada ya ɓata tsari. Baƙo bai iso ba sai bayan la'asar. Ya yi jawabi a kan matasa manyan gobe, aka ɗauke shi hoto yana riƙe da kofi, ya shiga mota. Tserenmu a gurguje aka yi shi gab da magariba, rumfa ba kowa. Tun ranar na gane cewa siyasa ba ta jiran ɗan wasa ya gayyato ta fili. Kafin ya ɗaura igiyar wandonsa ta riga ta zauna a inuwa.

Shi ya sa kalmar “a raba wasa da siyasa” ba ta shiga kunnena. Ban taɓa jin an faɗa wa gwamna ita ba, ko minista. Kullum yaron ake faɗa wa, kuma sai ranar da ya buɗe baki. Abin da nake nema mai sauƙi ne: gwamnatin da ke son zufar ɗalibi a waje ta fara ba shi haƙƙinsa a gida, kuma duk shawarar da shi zai biya kuɗinta da ƙuruciyarsa, a sa shi a cikinta. Jami'a ma tana da nata nauyin. Filin wasanta ajinta ne, kuma shugaban da ya bari ɗan siyasa ya zaɓar masa wanda ɗalibansa za su yi wasa da shi, gobe zai zaɓar masa littafin da za su karanta.

An samu shugabannin da suka gane haka. Ranar 2 ga Disambar 1955, kwana ɗaya bayan kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi wa farar fata daga kujerar bas a Montgomery, Gwamnan Jojiya Marvin Griffin ya buga wayar tangaraho yana neman a hana Georgia Tech buga Sugar Bowl da Pittsburgh, saboda Pittsburgh na da baƙar fata guda ɗaya, Bobby Grier. Shugaban jami'ar, Blake Van Leer, ya ƙi janyewa. Ɗalibai suka fito cikin dare suka ƙona mutum-mutumin gwamna suka yi tattaki har gidansa. Ba zan yi musu kwalliya ba, da yawansu wasan suke so, ba daidaito ba. Amma an buga wasan ranar 2 ga Janairun 1956, Grier yana cikin fili.

Na Misisifi ya fi wannan nauyi. Jami'ar Jihar Misisifi ta ci kofin ƙwallon kwando na yankinta a 1959 da 1961 da 1962, kuma duk sau ukun ta zauna a gida ba ta je gasar ƙasa ba, saboda wata doka da ba a rubuta ba wadda ta hana ƙungiyoyin jihar karawa da duk ƙungiyar da ke da baƙar fata. A 1963 suka sake ci. Wata biyar ke nan da tarzomar da ta ci rai biyu a ɗaya jami'ar jihar, lokacin da wani baƙar fata, James Meredith, ya zo yin rajista. Gwamna Ross Barnett na kan kujera. Shugaban jami'ar, Dean Colvard, ya ce wannan karon yara za su tafi, su ma yaran suka ce suna so. Wani sanatan jiha, Billy Mitts, ya samo umarnin kotu na hana su fita. Umarni kuwa sai an damƙa wa mutum a hannu yake aiki, don haka Colvard ya bar jihar, koci Babe McCarthy ya sulale cikin dare ya tsallaka zuwa Tennessee. Da safe aka fara tura 'yan benci filin jirgi don a ga ko za a tare su. Da aka ga hanya lafiya, sai manyan 'yan wasan suka biyo baya, jirgi ya tashi, ya tsaya a Nashville ya ɗauki koci. Ɗaliban jami'ar gwamnati ne, a ƙasarsu, suna satar hanya su tsallake iyakar jiharsu kamar masu fasa-ƙwauri, don su buga wasan minti arba'in.

Ranar 15 ga Maris 1963, a East Lansing ta jihar Michigan, suka fuskanci Loyola ta Chicago, wadda huɗu daga cikin biyar ɗin da ke fara mata wasa baƙaƙe ne. Kyaftin biyu suka taka zuwa tsakiyar fili, Jerry Harkness na Loyola, baƙar fata, da Joe Dan Gold na Misisifi, farar fata. Gold ya miƙa hannu, Harkness ya kama, fitilun masu hoto suka haske wurin gaba ɗaya. Kafin wasan, wasiƙun barazana sun yi ta zuwa ɗakin kwanan 'yan Loyola. An yi wasa tsaf ba faɗa, Loyola ta ci 61 da 51, ta wuce har ta ɗauki kofin ƙasa a wannan shekara. 'Yan Misisifi suka koma gida, jama'a suka tarbe su a filin jirgi, Colvard kuma bai rasa kujerarsa ba.

Gold ya rasu a 2011. Harkness, yana da shekara saba'in, ya yi tafiya zuwa Kentucky don jana'izarsa. Da ya shiga, sai ya tarar iyalan mamacin sun ajiye hoton wannan musafahar a gefen akwatin gawa.